Mun Je Bakin Teku, Mun Juya Masa Baya

Da can in aka ce mutumin unguwarmu ya hau jirgi, ba a doguwar tambaya. Ko Makka ya nufa, ko Dubai sarin kaya, ko Masar ganin likita, ko Indiya in ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kowace tafiya da dalilinta, irin dalilin da mutum zai faɗa wa surukinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Yanzu kuwa an samu sabon salo, wai shi hutu. Yaro ya gama biki, ko kuɗin masu kanofi bai gama biya ba, sai ka ji an ce ya ɗauki amarya sun tafi Zanzibar. Dattawan majalisa su tambaya, me ake sarowa a can? A ce ba komai. Asibiti ne? A'a. To ziyarar wani shehi ce? A ce a'a, Baba, ruwa suka je kallo. Sai a yi shiru, can wani ya gyara zama ya ce Allah Ya kyauta, ga Tiga nan kusa.

Ni dai ba na cikin masu jan wannan tsaki. Wanda Allah Ya hore wa ya je, gani ya kori ji. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda muke zuwan. Mu ba mu iya hutu ba, kuma ba laifinmu ba ne, ba a koya mana ba. Za mu biya kuɗin jirgi mai ɗan karen tsada, mu sauka a tsibirin da wasu ke tarin shekara guda don su taka, mu shige ɗakin otal, mu ƙure sanyi, mu kama waya muna bin labarin gida. La'asar sakaliya mu fito cikin shadda mai sitati, hula ta sha kari, agogo na walƙiya, mu tsaya inda ruwa ba zai taɓa takalmi ba, mu juya wa teku baya, a ɗauka. Uwargida ta gyara mayafi, a sake ɗauka. A tura wa 'yan uwa. Shi ke nan, an ga teku. In ka duba hotunanmu da kyau, duk wanda ya kalle su a Kano ya fi mu ganin ruwan, don shi yana fuskantarsa.

Tun daga haɗa kaya ake gane mu. Tafiyar mako guda ce, amma akwati uku. Ɗaya na shaddoji da leshi, ɗaya na takalma, ɗaya na abin da Hajiya ta ce kada a kuskura a bari: yaji, ƙuli-ƙuli, garin kunu, dambun nama, man shanu a gora, har da kuka da daddawa ko da za a samu inda za a kaɗa miya. Yaji kam na yarda, a tafi da shi, ba ya nauyi kuma yana ceton rai. Sauran a bar su. Kaya marasa nauyi na auduga su ne na can, don zafinsu mai gumi ne, ba busasshe irin namu ba, shadda mai sitati kafin azahar ta jiƙe ta manne a baya. Kuma duk abin da aka ƙulla, kada a ƙulla shi a baƙar leda. Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 1 ga Yuni 2019, Zanzibar ma ta riga ta da shekaru. Mu da ko allura muka saya sai mun ce a sa mana a leda, wannan doka kamar da mu aka yi ta.

Takardu su ne inda ba a raha. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatin kansa tun haɗewar da aka yi da Tanganyika a watan Afrilun 1964, saboda haka bizar Tanzaniya ake nema. Masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda ba a buga wa biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet tun daga gida an jira amincewa, jiran kuma kan ɗauki makonni. Halinmu na sai gobe tafiya a fara kiran wani da ya san wani ba ya aiki a nan. Sai katin rigakafin shawara, ruwan ɗorawan nan, wanda ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10 a jiki. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, dala 44 kan babban mutum, ko da kana da wata inshorar. Hanya kuwa mai sauƙi ce: jirgin Habasha na ɗauka daga Kano ko Abuja ko Legas, a yada zango a Addis Ababa, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume. Wanda ya bi ta Darussalam zai iya ƙarasawa da jirgin ruwa mai gudu cikin kamar awa biyu. A riƙe dala sababbi, don tsofaffin takardu masu canji na yatsina musu fuska, a canza zuwa shilin a cikin birni, kada a dogara da katin banki kaɗai in za a ƙauyukan bakin ruwa. Filogin wutarsu mai baki uku ne irin na Najeriya, wannan kam an huta.

Sai zaɓen lokaci. Mu mukan tsayar da tafiya ne bisa ranar ɗaurin aure ko ranar da albashi ya shigo, ba mu tambayar sama. Babbar daminarsu daga Maris ce zuwa Mayu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba ne iska ke da daɗi, rana ba ta cika duka ba, wato daidai lokacin da mu muke tsakiyar namu ruwan. Disamba zuwa Fabrairu akwai rana, akwai zafi, akwai kuma tsada saboda hutun ƙarshen shekara. Idan ka ga an karya farashin ɗaki ƙwarai a watan Afrilu, to ka san dalili.

Amma babban abin da ba a gaya mana, wanda kuma shi ne ke raba wanda ya ji daɗin tafiya da wanda ya dawo yana cewa an cuce shi, shi ne teku ba ya zama wuri ɗaya. Mu da muka saba da dam da kududdufi, a tunaninmu inda ka bar ruwa da safe nan za ka same shi da yamma. Can kuwa ruwa na cika ya janye sau biyu tsakanin yau da gobe, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Wata ne ke jan sa. Wannan ilimi bai kamata ya ba mu wuya ba, mu da ke lissafin kwanan wata don azumi da Sallah: lokacin tsayuwar wata da wajen daren goma sha huɗu ne cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, su Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai ka hango shi can nesa, tafiyar kilomita guda ko fiye a kan farin yashi. Alhaji ya biya ɗaki mai kallon teku, ya buɗe taga da hantsi ya ga fili fetal, ya sauko yana neman manaja a ba shi ba'asi. Ba manaja ba ne, ranka ya daɗe, wata ne. Wanda ke son ruwa a ƙofar ɗaki kowane lokaci ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota daga birni, inda gaɓar ke da zurfi, ruwan ba ya gudu da nisa. Kowane otal na da jadawalin cika da janyewa, a tambaya tun ranar sauka, a tsara yini a kansa.

Ni kuwa in za a bi ta tawa, janyewar nan ita ce abin kallo. Nan ne za ka ga matan ƙauye sun shiga da zannuwansu har gwiwa, suna duba gonakinsu na ciyawar ruwa, wadda suke ɗaurewa a igiya tsakanin turaku. Tun wajen 1989 aka fara wannan noma don sayarwa a Paje da Jambiani, ana busar da ita a fitar waje, wasu kuma su yi sabulu da man shafawa da ita. Noma a cikin teku, ba garma ba taki, kuma mata ne ke riƙe da shi. Wannan ya fi hoton kujerar otal abin ba da labari a gida. Sai dai a sa takalmin roba, saboda akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke lafewa a cikin duwatsu, in ta soki tafin ƙafa hutun ya koma jinya. A kuma lura da lokacin dawowar ruwa. Yana dawowa ne shiru, ya fara cike kwaruruka ta bayanka kafin ka farga. A nemi izini kafin a ɗauki matan nan hoto, aiki suke yi, ba ado aka ajiye su ba.

To, shiga ruwan fa? Nan ne ake yin ta. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, don tun muna yara an cika mana kunne da labarin 'yan ruwa, duk wanda aka kama ya je kududdufi kuma jikinsa ya gaya masa. Saboda haka mun kasu gida biyu. Akwai masu tsoro, waɗanda ko yatsa ba za su tsoma ba. Akwai kuma masu cika baki, waɗanda suka taɓa wanka a rafin ƙauyensu shekara ashirin da suka wuce, su ne za ka ji suna cewa mai jirgi ya riƙe rigarsa, su ba yara ba ne. Na biyun sun fi ba ni tsoro. Iya ruwa fidda kai, kuma teku ba rafi ba ne, yana da igiya mai ja ta ƙasa. Rigar kariya ba ta rage wa kowa girma. Da ita a jiki, da tabarau da ɗan bututun numfashi, wanda bai taɓa iyo ba ma zai kwanta a saman ruwa a kusa da tsibirin Mnemba ya leƙa ƙasa, ya ga kifaye shuɗi da rawaya da masu zane suna kai da kawowa a cikin murjani. Wannan shi ne abu ɗaya da zan ce duk wanda ya je bai yi ba, asarar kuɗin jirgi ya yi. Kada a taka murjanin, kada a ɓalle shi, abu ne mai rai kuma yana daɗewa bai tofo ba.

Mata ma ba a bar su a baya ba, kuma wannan ne amfanin zaɓen Zanzibar a kan wasu tsibiran. Garin Musulmi ne, mafi yawan mutanensa masu salla ne, matansu da suturarsu suke shiga ruwa, ba wanda zai kalli Hajiya don ta shiga da doguwar rigar iyo mai rufe jiki da ɗan hijabinta. A Nungwi har koya wa 'yan mata iyo ake yi cikin irin wannan shiga. Abin da ba a so shi ne zani mai faɗi ko abaya mai jan ƙasa a ruwa mai zurfi, don in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Kuma maigida, don Allah, ba aikinka ba ne ka tsaya a gaɓa riƙe da jaka da waya kana ba da umarni. Ka shiga.

Batun jirgin ruwa kuwa a buɗe ido. A watan Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da tsibirin Pemba saboda lodi ya wuce kima, aka yi asarar rayuka masu yawa. Mu da muka sha jin irin wannan a Neja da Kebbi da Bagwai ba ma buƙatar dogon bayani. In ka ga kwale-kwale ya cika, ko babu rigunan kariya, ka sauka, ko da ka biya. In mai jirgi ya yanka maka lokaci, ka tabbatar da wane agogo yake nufi, don a lissafin Swahili daga fitowar rana ake fara ƙirga awa, ƙarfe biyunsa ita ce takwas ta safe a wayarka. Wayar ma a tuna tana gaban agogon gida da awa biyu, kada a tashi Inna da kira kafin asuba. Da yamma a samu a hau jirgin katako mai tafiya da iska, irin wanda har yau ake sassaƙawa a Nungwi. Da irinsa ne fataken Oman da Indiya suka riƙa zuwa, iskar arewa ta kawo su wajen Disamba, iskar kudu ta mayar da su bayan wata huɗu ko biyar. Su ma fatake ne kamar kakanninmu, sai dai iska ce ke yanka musu ranar tashi.

Wani kuskuren da muke yi shi ne wucewa kai tsaye daga filin jirgi zuwa otal ɗin bakin ruwa, a tsallake tsohon birni, wanda Turawa ke kira Stone Town. Wai me za a gani a tsofaffin gidaje, muna da su a Kano. Ai kuwa saboda muna da su ne ya kamata mu je. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, sai babur da keke da masu tura kaya, gidaje na dutsen murjani masu hawa biyu da uku, ƙofofi na katako da aka sassaƙa da ayoyi da furanni, wasu da manyan ƙusoshin tagulla. A gaban gidajen akwai dakali, suna ce masa baraza, dattawa na zaune da kofin gahawa suna warware siyasar duniya, ba abin da ya raba su da majalisar ƙofar gidan mai unguwarmu sai harshe. Akwai wata mahaɗa da ake kira Jaws Corner, a je da safe, a yi sallama, a sayi gahawa, a zauna. Sallamar nan tamu ita ce tasu, kuma tana buɗe fuskar mutane fiye da dala. Za a ɓata a lungunan, kowa ma ɓata yake yi, birnin bai da girman da zai haɗiye mutum, in ka miƙe ko ka ɓulla bakin ruwa ko ka ɓulla kasuwar Darajani.

Tarihin wurin ya fi girmansa. Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari. Ɗansa Barghash ya gina Beit al-Ajaib a 1883, gidan da ya fara samun lantarki a tsibirin, wanda wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020. A gaban wannan gida ne jiragen yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai minti 45 ba aka gama. UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Akwai kuma inda ba a dariya: tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873 aka gina majami'ar Angalikan a kanta. An bar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, da gumakan mutane masu sarƙa a wuya cikin rami. Na san wasunmu za su ce ba sa shiga harabar coci. Ni a ganina a je a gani. Waɗanda aka sayar a nan 'yan Afirka ne, da yawa daga masu cinikin kuma Musulmi ne, kuma Kasuwar Kurmi tamu ma ta ga irin wannan ciniki. Ba wurin hoto da murmushi ba ne.

Ga wani abin da ke kama mu kullum. Lokacin salla ya yi, mutuminmu ya duba inda rana ke fitowa, ya shimfiɗa darduma ya kalli gabas, don tun da aka haife shi can ce alƙibla. To a Zanzibar Makka tana arewa ne, kusan saiti ɗaya. Wanda ya kalli gabas ya fuskanci Tekun Indiya ne kawai. A tambayi ma'aikacin otal ko a duba waya. In an shiga masallaci kuma a bar gyara wa mutane salla. Yawancinsu mazhabar Shafi'i suke bi, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba ya yi ƙunutu a fili bayan ruku'u hannuwa a sama. Akwai kuma masallatan Ibadawa da suka samo asali daga Oman. Mu da muke ganin duk wanda bai yi yadda malamin layinmu ya koya mana ba sai an zaunar da shi, yana da kyau mu san cewa a Kizimkazi, kudancin tsibirin, akwai masallacin da rubutun da ke jikin mihirabinsa ke ɗauke da shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. Wangarawan da tarihi ya ce sun kawo Musulunci fadar Kano sun zo ne zamanin Sarki Yaji, bayan wannan da fiye da shekara 200. A bi liman a yi shiru.

Abinci. Kwana biyu da sauka za ka ji an fara cigiyar inda ake tuwo. Akwai ugali, tuwon masara ne ba wani abu ba, amma wanda ya keta Afirka don ya ci tuwo ai da ya zauna a gida. Da magariba ana kafa tebura a lambun Forodhani da ke bakin ruwa, ga tsire, ga kifi, ga ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami, ga urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, ga abin da suke kira fizar Zanzibar, wadda ta fi kusa da fanke mai nama da ƙwai. A tambayi farashi kafin a ɗora a wuta, a kuma tabbatar an gasa abin ruwa ya gasu, don wani ya daɗe a kan tebur. Pilau da biriyani sun fi daɗi a ƙananan gidajen abinci na cikin lungu inda 'yan gari ke layi. Sai abin nan mai hannuwa takwas da suke kira pweza, dafaffe cikin madarar kwakwa. Da an ajiye shi za ka ji a'uzubillahi daga bakin mutanenmu, alhali a mazhabar Malikiyya da muke tinƙaho da ita abin da ke rayuwa a teku halal ne, da ƙaguwa da jatan lande duka. Ƙyama ce kawai, a kira ta da sunanta, a kuma ɗanɗana ko loma ɗaya. A manyan otal-otal na baƙi kuwa ana sayar da giya, wani lokaci da naman alade a jerin abinci, nan ne ya kamata a yi tambayar. Ruwan sha na gora. In an yi odar abinci a yi haƙuri, mutanen nan ba sa gaggawa, ɗaga murya da "ka san ko ni wane ne" ba ya sa tukunya ta tafasa.

Gonar kayan ƙamshi rabin yini ce, kuma ta cancanta, musamman ga mata. Shekara da shekaru muna zuba kanumfari a shayi da kunu da turaren wuta, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya, ko cewa kirfa ɓawon itace ce. A ƙauyuka irin su Kizimbani za a kai ka gindin bishiyar, a murza ganye a ce ka shinshina ka faɗi sunansa. Hajiyoyinmu kan cinye wannan jarrabawa tas. Mafi yawan kanumfarin dai a Pemba ake nomansa. Dajin Jozani na da jajayen birai da ba a samun irinsu sai a tsibirin, awa biyu ta isa. Tsibirin Changuu na da manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919, yara za su so su, amma ba a hawa bayansu.

Ciniki kam ba sai an koya mana ba. Samarin bakin ruwa masu tallan yawo da jirgi da zane-zane za su biyo ka, su fara da farashin Bature. Nan Bakano ke samun filin wasa, ya taya rabi, ya yi kamar zai tafi, a kira shi. Kuɗin tasi a yanke shi kafin a shiga. Mai son araha ya hau daladala, motar hayarsu, tare da 'yan gari da kajinsu. A kula wajen tsallaka titi, ta hagu suke tuƙi, motar na zuwa ta inda ba ka saba dubawa ba. Roƙona ɗaya, a san wa ake matsa wa. Mai shagon da ya ninka kuɗi sau huɗu a ja da shi. Matar da ta yini a ruwa ta kawo sabulun da ta haɗa da hannunta, ba jarumta ba ce a karya mata farashi don a dawo majalisa a yi alfahari.

In an ce na tsara, kwana biyu a tsohon birni, sauran a bakin ruwa, kuma a bar yini ɗaya ba shiri ba mota, a zauna kawai a fuskanci ruwan. Man kare fata daga rana a shafa, baƙar fata ma tana ƙonewa ta saɓule, musamman kafaɗa da wuya. Maganin sauro a riƙe.

Tsaraba kuwa na san ba mai hana mu, don wanda ya dawo hannu rabbana sai ya shekara yana ba da haƙuri a dangi. A Darajani za a samu kanumfari da kirfa da gahawa, ga zannuwan kanga masu rubutu a gefe, sai dai a sa a fassara rubutun kafin a saya, don wasu habaici ne, kada a kai wa uwar miji abin da zai ta da zaune tsaye. Murjani da ƙoƙon kunkuru da manyan katantanwa a bar su inda aka gan su, fitar da su ya saɓa doka kuma ana ƙwacewa a filin jirgi. Akwatin nan na biyu da aka so a cika da takalma, a taho da shi babu komai, kayan ƙamshi za su cika shi a dawowa.